An ba ni gurbin karatun falsafa: in karɓa ko in sake rubuta JAMB?

Ɗalibi daga Zariya:
Assalamu alaikum. Na nemi karatun lauya, amma makina bai kai ba, sai jami'a ta ba ni falsafa. Mahaifina bai yi na'am ba, domin ya ji ana cewa masu wannan karatu kan ƙare da shakkar addininsu, shi kuwa kawuna tambayarsa ɗaya ce: wane aiki zan yi da takardar? Ina neman shawarar waɗanda suka bi wannan hanya kafin a rufe rajista.

Tsohon ɗalibin falsafa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Shekara huɗu na yi a wannan fanni, kuma abin da ya fi ba ni wuya shi ne manɗiƙi, wato ilimin auna ingancin hujja, wanda ake yi da alamomi a kan allo kamar lissafi. Za ka karanta manyan masana falsafa irin su Aflatun da Aristo da Dekart, da ilimin ɗabi'a, da falsafar Afirka ta irin su Kwasi Wiredu na Gana. Makalata ta farko ta dawo da jan biro ko'ina, malamin ya rubuta a gefen kusan kowane sakin layi cewa in kawo hujja, alhali ni ina ganin na yi bajinta saboda na cika shafi shida.

Game da damuwar Baba, kada ka yi masa gardama, domin tsoron nasa ya daɗe a tsakanin malamai. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, sai da ya ƙware a falsafa sannan ya soki masana falsafa na Musulmi irin su Farabi da Ibn Sina, daga baya wani masanin, Ibn Rushd, ya mayar masa da martani. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare ilimin manɗiƙi lokacin da Suyuɗi ya haramta shi. Ka nemi malamin da Baba yake girmamawa ya yi masa wannan bayani, zai fi saurarensa a kanka.

Malama daga Kaduna:
Tambayar kawunka ita ce ta fi nauyi a wurina. Da wuya ka ga tallar aiki da aka ce mai digirin falsafa kaɗai ake nema. Waɗanda na sani sun shiga koyarwa bayan sun ƙara difloma a fannin ilimi, wasu aikin jarida ko na gwamnati. Idan lauya ce a zuciyarka, ka tambayi jami'ar tun yanzu ko tana ba da damar sauya sashe bayan shekarar farko, da makin da take buƙata.

Almajirin zaure:
Ban saɓa wa masu magana ba, sai dai ina ƙara cewa Gazali ya shiga falsafa ne bayan ya ƙoshi da fiƙihu da tauhidi. Idan ka karɓi gurbin, kada ka ajiye karatunka na zaure, kuma duk tambayar da ta tsaya maka a rai daga aji ka kai ta gaban malaminka a makon.