Yaya zan auna hasken rana in gane ko hazo ne ya kashe min cajin sola?

Assalamu alaikum. Ina da shagon cajin waya a Maradi, da faifan sola mai wat 150 da batir mai bolt 12. Tun da Nuwamba ta kama sama ta ƙi washewa. Wani lokaci hazon hunturu ne, wani lokaci gajimare sosai kamar damina ba ta tafi ba. A da kafin azahar batir ya cika, yanzu har la'asar sakaliya fitilar kwantirola (na'urar da ke daidaita cajin batir) ba ta komawa koriya, ƙarfe tara na dare komai ya mutu.

Na wanke faifan, kullum da safe ina goge ƙura. Na ɗaure wayoyin lantarki, na karkatar da faifan ya fuskanci kudu. Wani mai gyara ya auna ya ce bolt 21 yake bayarwa, wai lafiya lau. Ban gamsu ba, don faifai kan nuna bolt mai yawa ko da hasken kaɗan ne, amfiya ce ke faɗuwa. Manhajar auna haske ta waya kuwa shirme ce, kana ɗan juya hannu lamba ta canja.

A bayan faifan an rubuta Isc (wato amfiyar da faifan ke bayarwa idan an haɗa wayoyinsa biyu kai tsaye) kusan amfiya 9, wanda aka auna a hasken wat 1000 kan kowace murabba'in mita. Ina da mitar auna lantarki mai ramin 10A (amfiya 10). Idan na cire faifan daga kwantirola da tsakar rana na auna amfiyarsa kai tsaye, na raba da 9 ɗin nan, shin abin da ya fito zai nuna min adadin hasken da ke sauka da gaske, ko faifai mai lahani ma haka zai nuna? Na gode.