Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: wa ya ci tuwo a yajin aikin marubutan Amurka?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Karin maganar yau ita ce "ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare", kuma ni da na ji ta yajin aikin marubutan fim da talabijin na Amurka ke faɗo min, wanda aka fara 5 ga Nuwamba 2007 aka shafe kwana 100 ana yi saboda kason kuɗin DVD da intanet. Shirye-shiryen hira na dare duk suka tsaya. Ranar 2 ga Janairu 2008 David Letterman, mai gabatar da irin wannan shiri a tashar CBS, ya dawo da marubutansa domin kamfaninsa Worldwide Pants ne ke da shirin kuma ya sasanta da ƙungiyar marubutan, shi kuwa takwaransa Jay Leno na tashar NBC ya dawo babu marubuci ko ɗaya, amma duk da haka ya ci gaba da fin Letterman yawan masu kallo. To ashe Leno ne maci tuwo.

Malam na Zinder: Wa alaikumus salam. Ɗana ka ɗan karkatar da ita. Mu a wajenmu ana faɗinta ne kan mai haƙuri da riƙon amana ranar da daɗi ya ƙare, ba kan wanda ya fi tara jama'a ba. Mutum ya saba kunna tasha ɗaya shekara da shekaru, ba zai sauya a wata biyu ba. Sabo ne wannan, kuma Leno dama shi ke gaba tun kafin yajin.

Uwar Biyu: Ni abin da ya dame ni ma wa ya ce marubuta su ne miya?? Wallahi su ne tuwon kansa. Ku tuna Conan O'Brien, wani mai gabatar da shirin dare, da ya dawo babu su, zoben aurensa yake juyawa a kan tebur ana ƙirga daƙiƙun da zai yi kafin ya faɗi, don kawai a cike lokaci, mutumin da shi ma marubuci ne asalinsa.

Ɗan Fagge: Yaya ai Leno shi ya riƙa rubuta barkwancin buɗe shirinsa da kansa, wannan ba gwaninta ba ce?

Uwar Biyu: Gwaninta ce ƙanena, amma shi ma ɗan ƙungiyar ne kuma ƙungiyar ta ce hakan ya saɓa dokar yajin. 'Yan ƙungiyarku suna tsaye a titi da kwalaye kai kana ciki kana aikin da suka ajiye, ni dai bakina ba zai kira wannan cin tuwo ba.

Malam na Zinder: In dai dole a ɗora maganar kan wani, ku ɗora ta kan biyan ma'aikata. Masu kyamara, masu kwalliya, masu haske, su ba sa yaji amma albashinsu ya tsaya, kuma Conan da Letterman da Leno ɗin kansa sun biya irin waɗannan daga aljihunsu na wani lokaci. A 2023 ma da aka yi yajin kwana 148, Colbert da Fallon da Kimmel da Meyers da Oliver, masu gabatar da shirye-shiryen dare waɗanda a lokacin kullum gasa suke, haɗuwa suka yi suka buɗe shirin sauti a intanet kuɗin ya tafi ga ma'aikatansu. Nan ne karin maganar ta zauna daidai.

Ɗan Fagge: Baba na karɓi wannan. Amma maganar Leno ban sauka ba tukuna, tsayawa gaban jama'a kowane dare ba mai rubuta maka ba ƙaramin abu ba ne.