Gada Ta Rufta, Wa Ya Sauka?

Tsohon Direba:
Salamu alaikum. Ga baiti na ajiye, babban amsa-amo "ya" ne. Wanda ya karya shi, tara na kansa.

Ran buɗe titi an sha kiɗa,
An yanka ƙyalle, an yi guɗa,
Ba a kai ga damina ko guda,
Rami ya cinye rabin hanya.

In gada ta rufta da mutane,
Wa za a kama, ku ce wane?
Ɗan kwangila ko minista ne?
Ko ƙaddara ce, a yi ta'aziyya?

Malamar Tarihi:
Baba, Fotugal ta ga irin shi,
A kogin Douro ana haƙar yashi,
Ginshiƙin gada ya rasa ƙarƙashi,
Maris 2001 ya bi ambaliya.

Rai 59 ruwa ya tafi da su,
Bas da motoci uku ke ɗauke da su,
Jorge Coelho, ministan ayyukansu,
A daren ya sauka, don ya ji kunya.

Mai Shakka:
Malama, ai ba ki ƙarasa ba,
Injiniyoyi shida aka sa a gaba,
A 2006 ba a ɗaure ko ɗaya ba,
Aka bar iyalai da kukan zuciya.

A Genoa ta Italiya waya ce cikin kankare,
Tsatsa na cin ta rana da dare,
Agustan 2018 gada ta dare,
Rai 43 suka bar duniya.

Kamfanin titin gwamnati ta rantse sai ta ƙwace,
Iyalan Benetton masu iko da shi hannunsu ya fice,
A 2022 sai ciniki ya kasance,
Sama da Yuro biliyan 8, kamfaninsu aka biya.

Wai hukunci ke nan. Allah Ya hore mana irin wannan horo.

Ƙaramin Injiniya:
Yaya, Minnesota ta Amurka fa? Ka yi haƙuri,
Farantin haɗa ƙarfe ba shi da kauri,
Aka jibge yashi da tsakuwa bisa, tari,
A 2007 mutum 13 suka riga mu gidan gaskiya.

Gwamna Pawlenty ya ƙi ƙarin harajin mai,
Majalisa ta danne shi, ta hau kai,
Kwamishinar sufuri Molnau aka sauke ta sarai,
Sannan kuɗin gyara ya sami hanya.

Abin da ya fi ba ni tsoro a nan: kuskuren tun daga zanen gadar yake, ya yi shekara 40 yana kwance, motoci na bi ta kansa kullum.

Tsohon Direba:
'Ya'yana, gadojin da kuka kawo,
Faɗuwa ɗaya suka yi, duniya ta jiyo,
Kyamara ta zo, 'yan jarida suka biyo,
Dole mai mulki ya nemi kariya.

Disambar 2017 aka ba da ita,
Hanyar Abuja zuwa Kano, 375 kilomita,
Wata 36 aka ce za a gama ta,
A 2024 aka soke sashe, ana jayayya.

Rami yana ɗaukar rai ɗai-ɗai,
Yau tirela, gobe bas, jibi tankar mai,
Ba ranar makoki, ba mai sunkuyar da kai,
Wa ya taɓa sauka don ramin hanya?

Ƙaramin Injiniya:
Baba, yashe magudana ba ta da biki,
Ruwa ke shiga ƙasan kwalta ya yi aiki,
Mota mai lodi ta taka ta fasa ciki,
Kafin a farga ta koma rijiya.

Mai neman ƙuri'a sabo yake so,
Wanda za a sa hotonsa a allo a nuno,
Liƙe tsaga ba ya jawo a yabo,
Sai a tura shi kasafin wata shekara ta baya.

Malamar Tarihi:
Ƙanena, kasafi gaba yake tafiya,
Ka mai da shi baya don neman "ya".

Mai Shakka:
Ba wannan kaɗai ba, Malama. Layinsa na 2007 ma ya yi tsawo kamar kwangilar Baba. Injiniya, tara biyu ke kanka, kuma ba ma karɓar alkawarin wata 36.