Wata biyar rabona da addu'ar safe, ta ina zan faro?

Maman Tagwaye:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Kunya ta hana ni kai wa Mama Fasto maganar nan, shi ya sa na kawo ta inda ba a san fuskata ba. Ni tela ce a Kafanchan. A da, kiran sallar asuba na masallacin bayan gidanmu shi ne agogona. Ladan na ɗaga murya sai in jawo Littafi Mai Tsarki, in karanta sura guda, in yi waƙa ƙasa-ƙasa don kada yara su farka. Na yi wajen shekara 6 a haka.

Sai ɗinkin Kirsimeti ya taso tun Nuwamba, ga ankon Zumuntar Mata, wuta kuma sai tsakar dare ake kawowa. In raba dare a kan keke, in kwanta ƙarfe 3. Na ce bari Janairu ta zo. Ta zo da kuɗin makaranta. Yanzu har Ista ta wuce. Jiya ina kwashe ƙyallaye na tarar da Littafin a ƙarƙashinsu, zaren alama na nan a Ishaya 40 inda na bar shi. Majami'a kam ina zuwa, har taka rawa nake yi lokacin baiko. Amma da aka ce in buɗe taron mata da addu'a, bakina ya bushe ƙayau, na yi ta maimaita "Ya Uba, mun gode" har wata ta taimake ni da Amin. Sai na rama karatun da ya wuce ni ne, ko yaya?

Kaka daga Zonkwa:
'Yata, ramuwar me? Ai ba adashi ba ne da za a ce kin tsallake zubi. Buɗe 1 Sarakuna 19. Annabi Iliya ya gudu daga sarauniya Yezebel, ya kwanta gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ika bai yi masa faɗa ba, tashinsa ya yi ya ci ya sha, har sau biyu. Ke ma gajiya ce ta fara kayar da ke, ki nemi barci tukuna. Da maigidana ya rasu na daɗe ba abin da ke fita bakina sai Addu'ar Ubangiji, wani lokaci ma a tsakiya nake tsayawa. Da ita na rarrafo. Ki koma inda zarenki yake, ki karanta Ishaya 40 ɗin har aya 31.

Malamin Makarantar Lahadi:
Kaka, a gafarce ni, zan ɗan ƙara gishiri. Lallashi kaɗai ba zai tashe ta ba. Daniyel sau 3 yake durƙusawa kowace rana, ga aikin mulki a kansa, kuma da doka ta hana bai fasa ba. 'Yar'uwa, ki tsayar da lokaci kamar yadda kike tsayar wa mai kaya ranar karɓa. Bisharar Markus sura 16 ce kacal, kwana 16 kin gama. Wayar kuma a ɗakin keke za ta riƙa kwana.

'Yar Aikin Dare:
Malam, wayar ce ta cece ni fa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, asubata ƙarfe 2 na rana take. Na daina azabtar da kaina da cewa sai da sassafe Allah ke ji. Akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa da ake saurara a waya, Zabura nake sawa ina wanki. Yaya, hannunki ne ke ɗinki, kunnenki ai ba ya komai. Kuma ki faɗa wa Mama Fasto. Ina tabbatar miki ba ke ce ta fari da za ta kai mata wannan ba.

Maman Tagwaye:
Na gode ƙwarai, Allah ya sāka. Kaka, na karanta har aya 31, sai da na goge ido da ƙyallen wata. Malam, yau ina Markus 2. Jiya na makara, sai na karanta bayan yara sun tafi makaranta, kafin in zura zare a allura. Wayar dai ba ta kwana ɗakin keke ba tukuna. Maganar Mama Fasto kuwa, akwai rigarta a wurina da za ta zo gwadawa ran Alhamis.