Neman shawara kan tambayoyin gano kuskuren hujja a LSAT, jarrabawar neman shiga makarantar shari'a a Amurka

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na gama digiri da hidimar ƙasa, mahaifina ya sayar da fili domin in karanta shari'a a Amurka, ni kuwa ba na samun zama da littafi sai bayan Isha'i idan na rufe shago. Tun daga Agustan 2024, biyu daga cikin sassa uku da ake ba maki a jarrabawar na nazarin hujja ne, kowanne minti 35, kuma tambayoyin da ke cewa a nuna inda hujja ta karkace su ne suke kayar da ni. Cikin zaɓi biyar nakan zubar da uku, sannan in ɗauki wanda ba shi ba. Ina mafita?

Wani malami: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba ka faɗi makinka ba, amma na san ciwon. Kana jayayya da gaskiyar maganar ne, alhali abin da ake tambaya shi ne ko dalilin ya kai ga hukuncin. Ɗauki alwala: babu salla sai da ita, amma wanda ya ce wane ya yi alwala, saboda haka ya yi salla, ya mayar da sharaɗi tamkar shi kaɗai ya wadatar. Haka wanda ya ga abu biyu suna tafiya tare ya ce ɗaya ne ya haddasa ɗayan. Ka fara karanta tambayar kafin hujjar, ka faɗi kuskuren da bakinka kafin ka dubi zaɓin.

Wata 'yar'uwa: Malam, ni da na fara da tambayar sai hankalina ya rabu, gara a fara da hujjar. Wata cibiyar koyarwa ta karɓi kuɗina na wata uku, haddar sunayen kurakurai kawai aka ba mu, har yau ina jin zafin abin.

Malamin: Hajiya, laifin cibiyar ne, hanyar da na faɗa ita ce daidai.

Mai tambaya: Na gode, Malam, amma haddar sunayen nan ita nake yi, kuma ba zan bar ta yanzu ba bayan wata biyar ina kanta. Lokaci ne ba ya isata. Shin akwai wanda ya taɓa gama sashen kafin minti 35 su cika?