Abin da na tsinta a majalisarmu bayan zaɓe

Tunda hukumar zaɓe INEC ta sanar da Tinubu ya ci zaɓen shugaban ƙasa ranar 1 ga Maris 2023 majalisarmu ta yi tsit, har mai shayi ya kashe rediyo, wani ma cewa ya yi zai karya katin zaɓensa. Dattawa suka ce kul, zaɓen gwamna na nan tafe kuma gwamna ya fi kusa da tukunyarka. Kar ka ɓata da ɗan'uwanka saboda Atiku ko Kwankwaso, su gobe za su zauna tebur ɗaya. A bar kotu ta yi aikinta, wannan dai ban gamsu ba wallahi. Masu zancen tsallakawa Libiya aka ce su fara tambayar waɗanda suka dawo tukuna.