Hawan Chappal Waddi da yawon tudun Mambila: me ya kamata a sani kafin a ɗaura jaka?

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum. Muna shirin hawan Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, mu kuma zaga tudun Mambila da ƙafa. Waɗanda suka san wurin su taimaka mana da bayanin lokaci, kaya da hanya. Dukkanmu mutanen gari ne, ba mu taɓa kwana a kan dutse ba.

Malam Na Serti: Wa alaikumus salam. Fara da izini. Dutsen, wanda wasu ke kira Gangirwal, yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991, gandun da ya fi kowanne girma a ƙasar nan. Ba a shiga haka kawai. Za ku biya ta ofishin gandun a garin Serti, jihar Taraba, ku yi rajista, su haɗa ku da ma'aikacin gandun da zai raka ku. Su ne kuma za su faɗa muku halin tsaron hanya a makon da kuka zo, kada ku dogara da labarin bara.

Hanyar mota daga Jalingo ta bi ta Bali zuwa Serti, sai Mayo Selbe, inda ake fara hawan nan mai lanƙwasa zuwa Maisamari da Nguroje, ta wuce Gembu. Masu zuwa dutsen ta kan tudu sukan bar kwalta a wajen Nguroje su hau babur zuwa ƙauyukan gindinsa. Lokaci kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu. Daminar can ta fi ta Zazzau tsawo, takan fara da wuri ta kuma jima ba ta ɗauke ba, kuma muddin ana ruwa, jar lakar hanyoyin nan ko babur ba ta bari ya wuce da daɗi.

Mai Shayin Kakara: Abin da ke kayar da mutanen arewa a nan sanyi ne, ba gajiya ba. Sun taso cikin zafi, sai su yi shirin rana su manta da dare. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Tudun Mambila kansa ya kai wajen mita 1,600, ga iska ba bishiyar da za ta tare ta, ciyawa ce kawai iya ganinka.

Kada ku sa rigar auduga a jikin fata. Tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya hutawa iska ta buga, sai jiki ya fara ɓari. A sa irin rigar 'yan ƙwallo a ciki, suwaita a tsakiya, rigar ruwa a waje. A cire suwaitar lokacin hawa, a mayar da ita da an zauna, kafin a ji sanyin. Kayan kwana kuma a ƙulle su a leda biyu cikin jaka, ba a taɓa su sai dare. Abin shimfiɗa ya fi bargo na biyu amfani, domin ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki. Wanda kuka ga yana ɓari, magana ta fara harɗe masa, ya kasa ɗaura igiyar takalmi, tafiya ta ƙare a nan: a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a ba shi shayi mai zafi da sukari idan yana iya haɗiya.

Baban Yara: Takalmin ruwa na roba nake ba da shawara, shi mutanen wurin ke sawa.

Hajiya Nas: Baban Yara, su ƙafarsu ta saba. Baƙo ya sa takalmin roba ya yini yana tafiya, kafin la'asar diddige ya yi bororo. Takalmi mai haƙora a ƙasa, wanda ya riƙe idon sawu, kuma wanda aka riga aka taka na makonni, ba sabo daga kwali ba. A bar tazarar yatsa ɗaya a gaba, a yanke farce, saboda a gangara ne yatsu ke dukan bakin takalmi har farce ya mutu. Inda ka fara jin zafin gogayya, tsaya ka manna filasta nan take.

Ruwa: lita 3 ga mutum a yini. Rafi kan yi garau a ido, amma shanu sun sha sun yi kashi a sama da inda kake ɗiba. A tafasa minti 1, idan an haura mita 2,000 a kai minti 3, ko a sa ƙwayar tace ruwa a jira rabin awa. Madarar da aka tatso a ruga ita ma a tafasa. Idan zawo ya kama wani, lita 1 na tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Saran maciji kuwa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurin da zai tsayar da jini. A hana ƙafar motsi da sanda, a ɗauki mutumin a nufi asibiti.

Malam Na Serti: Ga lissafin tafiya, don a nan ake yaudarar kai. Kilomita 5 a awa ɗaya, sannan ka ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. Wannan na mai ƙarfi ne marar kaya. Da jaka a baya, cikin ciyawa mai dunƙule-dunƙule, ku lissafa kilomita 3. Jakar kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka. Tudun da kake gani kamar jifa ɗaya, tsakaninku akwai kwari, sai ka sauka ka sake hawa, kuma gindin kwarin galibi fadama ce, ciyawa kore shar a sama, laka har gwiwa a ƙasa. Ku bi ta ƙashin bayan tudu ko da ya yi zagaye.

Tsohon Mafarauci: Hazo. Ba irin na hunturu mai ƙura ba, gajimare ne ke sauka a kanku, cikin minti kaɗan ba ka ganin wanda ke taku 10 a gabanka. A kan tudun nan sawun shanu ya yi yawa, kowanne kamar hanya, kowanne kuma mashaya ko ruga ya nufa. Idan hazo ya rufe, a tsaya wuri ɗaya, a ƙirga juna, a sa kayan sanyi, a jira. Kowa ya rataya usur. Dutsen a kan iyakar Kamaru yake, mai yawon neman hanya a hazo zai iya tsintar kansa a wata ƙasa ba takarda.

Da rani makiyaya na ƙona ciyawa don sabon toho. Wuta ta fi gudu idan tana hawan tudu, saboda haka kada ka guje mata zuwa sama. Ka ratsa gefe, ko ka koma inda ya riga ya ƙone. Tushiyar ƙonanniyar ciyawa kuma tsini gare ta, tana huda silifas.

Mai Shayin Kakara: Wanda bai shirya wa babban dutsen ba, ya fara da kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa. Yini ɗaya ya isa, za ka ga yadda ciyawa ke yankewa kurmi ya fara kamar an ja layi. A ciki ƙasa na da santsi ko da rani. Ku cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska da kwarkwasa, in kun ga jerin kwarkwasa ku tsallake da sauri, kada ku tsaya kallo.

Tsohon Mafarauci: Idan kuma ta ƙasa za ku shiga, wajen ƙauyen Gashaka da Kwano, can zafi ne da ƙudan tsando. Shuɗi da baƙin kaya ke jawo shi, ku sa ruwan ƙasa. Wurin ƙetare rafi, kwance ɗamarar jaka, fuskanci inda ruwan ke fitowa, sanda a gaba, takalmi a ƙafa. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, a haƙura.

Ɗan Zazzau: Allah ya saka da alheri. Abinci fa, Malam? Muna tunanin shinkafa da wake.

Malam Na Serti: Ku bar waken a gida. A can sama ruwa na tafasa a kan digiri 92 zuwa 93, wake zai cinye muku gas bai nuna ba. Taliya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, sukari da ganyen shayi, da guzurin yini ɗaya na ƙari. Idan kun isa ƙauyen ƙarshe, ku fara gaida Jauro, wato mai garin, kafin neman masu dako, a kuma yanke kuɗin yini da wanda zai ciyar da su a gabansa. Ranar hawan ƙololuwa ku tashi da asuba, ku sa wa kanku ƙarfe 12 na rana: an kai ko ba a kai ba, a juyo, domin saukowa cikin duhu da gwiwa mai rawa a nan ake karaya. Waya ta kwana cikin aljihun ciki, sanyi na shanye batir.